Ribar da ka gani a riɗi faɗuwar naira ce

Tambaya: Malam, ina sayen riɗi a kasuwannin ƙauyen Gumel ina kaiwa Dawanau. A kakar 2023 na saye na ajiye, kafin wata huɗu kuɗina ya kusa ninkawa. Ƙanin matata yana canji a Wapa, ya ce dala za ta sake tashi, in ci bashi in ƙara buhu 200 in ajiye. Ba na rubuta lissafi, a ka nake riƙewa. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar bashi tukuna. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne lissafin da ka ce a ka kake riƙewa. Rashin littafin nan ne ya sa har yau ba ka san me ya faru da kuɗinka ba, kana tafe kana cewa ka ci riba.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700. Zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500, a hannun 'yan canji ma ta kusa 1,900. Riɗi kuwa kayan waje ne, da dala ake yi masa kuɗi. A ɗauka tan ɗaya dala 1,500 ne. Idan dala tana 800, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan. Idan ta kai 1,500, ya zama miliyan biyu da kwata. Riɗin bai ƙara daraja ko kwabo ba. Ka tambayi kanka buhu nawa jarinka ya saya a 2023, buhu nawa zai saya yau, bayan ka cire kuɗin mota, 'yan dako, la'ada da hayar sito. In da littafi, minti biyar ya ishe ka. Babu shi, sai dai "ina jin", kuma da "ina jin" kake shirin zuwa neman bashi.

Na san wani ɗan kasuwa a Dawanau da ya yi irin abin da kake shirin yi. A Fabrairun 2024 kowa yana rantsuwa dala ta kama hanyar 2,000, ya jinginar da fili ya cika sito. Kafin Afrilu ta wuce dala ta gangaro wajen 1,100. Wakilan kamfanoni suka janye hannu, suka koma taya kaya kamar ba sa so. Daga baya dalar ta sake hawa, gaskiya ne, amma mai bashi bai jira ba. Ya sayar a ƙasa, filin ya tafi.

Ban ce surukinka maƙaryaci ba ne. Ɗan canji farashin yau ya sani, kuma shi ko ta hau ko ta sauka yana cin ratarsa tsakanin saye da sayarwa. Kai ne za ka kwana da buhu 200 da ruwan bashi, a ƙasar da ruwan banki ya tasam ma kashi 30 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Ka sayi littafi yau. Duk ranar da ka saye ko ka sayar, ka rubuta nauyi, farashi, da nawa dala take a ranar. Ka raba farashin da kuɗin dala, ka ga nawa tan ya zo maka a dala. Wannan adadin ne zai gaya maka ko ka saya da tsada, domin masu saye a Sin, Japan da Turkiyya suna da zaɓi: akwai riɗin Sudan, Habasha, Tanzaniya da Indiya. Idan damina ta yi kyau a can, naka zai faɗi ko da naira tana kuka. Wakilan kamfanonin da kake kai wa kaya sun san farashin waje, tambaya ce kawai ba ka yi.

In ma dalar kake son hange, ka duba inda take fitowa. Mafi yawan dalar da Najeriya ke samu daga kayan da take fitarwa waje ta ɗanyen mai ce. Farashin ganga, yawan da ake haƙowa a rana, da asusun ajiyar waje da Babban Banki ke wallafawa, su ne ke nuna ko naira tana da madogara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton cinikin waje duk wata uku, a ciki za ka ga ko riɗin da ake fitarwa yana ƙaruwa da inda yake zuwa. In Turanci ya yi maka nauyi, ɗanka ya karanta maka a waya. Ko su ɗin ba komai suke hangowa ba: a 2017 Meziko ta dakatar da zoɓon Najeriya saboda ƙwari, masu ajiya suka wayi gari da kayan da babban mai sayensa ya rufe ƙofa.

Kada ka ci bashin nan. Ka juya jarin da ke hannunka, kana saye kana kaiwa da ribar da ta samu. In ajiyar ta zama dole, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka na kanka. Bayan kaka ɗaya ka turo mini littafin mu duba tare, sannan a yi maganar buhu 200.