Amsa ga ƙanwarmu mai tambayar ko AS na komawa AA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce ke AS ce, wanda zai aure ki ma AS ne, an kusa sa rana, kuma gwaggonki ta ce ta san mai maganin da ke mayar da jini AA cikin wata uku. Kin kuma tambaya ina wannan S ya samo asali, tunda kaf danginku ba a taɓa haihuwar sikila ba. Ni malamar bayoloji ce a sakandare, amma ba da allo da alli zan amsa miki ba. Ɗana na biyu SS ne, wato sikila, ya gaji S daga wurina da kuma wurin babansa, shekararsa goma sha uku.

Bari in fara da ta gwaggo, don ita ce mai gaggawa. Babu jiƙo, babu garin magani, babu ƙwaya ta kanti da ke mayar da AS ya zama AA. Idan kika ji an ce wance ta sha magani ta koma AA, to ɗayan gwaje-gwajen biyu ne ya yi kuskure. Na san haka domin kuskuren gwaji ne ya kawo ni inda nake. Kafin aurenmu mun je wani ɗakin gwaji na kuɗi, aka ba maigida takarda an rubuta AA. Babbar 'yarmu ta zo lafiya lau, ba mu kawo komai a rai ba. Na biyun yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya kwana yana tsala ihu, ko taɓa shi ba a yi. Kakarsa ta ce haƙori ne, wata maƙwabciya ta ce iska. Da aka sake gwada mu duka a babban asibiti, sai ga maigida AS. Jininsa bai canja ba, tun ranar da aka haife shi haka yake.

To ina S ya fito? A cikin ƙwayoyin jikinki akwai rubutun gado da ake kira DNA, harufa huɗu kacal ake juyawa, A da T da G da C, amma tsawonsa ya kai harafi biliyan 3. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe rubutun nan kaf. Mai kwafar littafi mai wannan girma, komai ƙwarewarsa, wata rana zai yi tuntuɓen alƙalami. Ɗalibaina nakan ce musu su dubi kafa da ƙafa: 'yar ƙugiya ce ta raba su, amma ma'ana ta sauya gaba ɗaya. A wurin da aka rubuta yadda za a gina himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Shi ke nan. Harafi ɗaya. Wani masani mai suna Vernon Ingram ne ya gano a 1956 a Ingila cewa tubali ɗaya tak ne ya bambanta himogulobin na sikila da na kowa.

Wannan tubali guda kuwa ba ƙaramin aiki yake yi ba. Idan iska ta yi ƙaranci a jini, himogulobin ɗin sai ya manne da juna ya sandare, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama zagayayya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje. Ta zo wucewa ta ƙaramar jijiya sai ta maƙale, jini ya tsaya, ciwon ƙashi ya tashi. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana kusan 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Dalilin ƙarancin jini ke nan, da idon da ke yin rawaya, da yawan ƙarin jini. Lokacin hunturu ni ba na barci mai nauyi, don sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi su ne ke tayar masa.

Kuskuren kwafar nan ba a jikinki ya faru ba, ba a jikin iyayenki ba. Ya faru ne ga wani kaka shekaru dubbai da suka wuce, aka yi ta gadonsa. Abin da ya sa bai ɓace ba shi ne ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara karanta shi. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar da maleriya ke kwashe yara, mai S ɗaya ya fi samun damar girma ya haihu. Shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi, kuma ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar. Danginku ba su ga sikila ba ne don masu S a cikinku sun yi dacen auren AA. Ko kuma an gani ba a sani ba: ki tambayi tsofaffi 'ya'ya nawa suka rasu kafin yaye, aka ce wabi ne.

Ba duk sauyin gado ne cuta ba, kuma ba duka ake gada ba. Kowannenmu an haife shi da sababbin sauye-sauye gommai da babu su a jikin uwa ko uba, galibinsu ba sa komai. Fulani da yawa na shan madara ɗanya har tsufa cikinsu bai ɓaci ba, wannan ma wani sauyi ne da ya yi amfani. Zabiya kuma gado ne daga ɓangarori biyu, kamar dai sikila. Akwai kuma wanda mutum ke samu a rayuwarsa: hayaƙin taba na ɓata rubutun a huhu, zafin rana a fata, gubar fumfunar gyaɗa da masara a hanta. Irin wannan kan zama ciwon daji, amma yana tsayawa a jikin mai shi.

Yanzu lissafin da ake yawan ruɗar mutane da shi. Za a ce miki idan AS ya auri AS ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa SS, don haka ku haifi uku ku tsaya. Ƙarya ce. Ɗaya cikin huɗun nan a kan kowane ciki yake, kowane ciki ƙuri'a ce sabuwa, ba ta san abin da ya fito a baya ba. A layin asibitinmu akwai matar da 'ya'yanta uku a jere duk SS ne, akwai kuma mai biyar ɗaya kawai ya samu.

Ba zan ce miki babu ci gaba ba. Tun da aka ɗora ɗana a kan hydroxyurea kwanciyar asibiti ta ragu sosai. Maganin yana ƙara irin himogulobin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda shi ne ma ya rufa masa asiri watanninsa na farko. Akwai dashen ɓargo, an fara yinsa a Najeriya a Benin a 2011, sai dai galibi sai an samu ɗan'uwan da ya dace, ga kuɗi, ga haɗari. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, wanda ke gyara rubutun gadon a ƙwayoyin ɓargo, farashinsa dala miliyan 2.2. Kuma ko wanda aka yi wa ya warke, S ɗin na nan zai ba 'ya'yansa. Sai ki auna wannan da jiƙon wata uku.

Ba ni zan ce ki fasa ko ki yi ba, na san abin da so yake, kuma ɗana ba nadama ba ne a wurina. Amma ku sake gwaji a wuri biyu daban, ɗaya ya zama babban asibiti, ku tabbatar an duba har da C, wani nau'in himogulobin da ake gada kamar S, domin SC ma sikila ce. Idan a Kano kuke, tun 2024 doka ma ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure. Bayan nan ki ɗauki shi mai neman naki, ba gwaggo ba, ku je sashen masu sikila ranar ganin likita, ku zauna a benci tun safe har azahar ku saurari iyayen da ke wurin. Idan kina son rakiya ki yi mini magana, mu ma muna da ganin likita farkon wata mai zuwa.