Me ya sa na'urar gano haidirojin ke nawa da hunturu?

Sani, ka tambaye ni dalilin da ya sa na'urar gano haidirojin (iska mai kama wuta da batir ke fitarwa) da ake kafawa a ɗakin batiran sola take jinkirin yin ƙara da zarar hunturu ya kankama. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, bushewa ce ta kama ta.

A cikin nau'in da nake magana a kai akwai siririn tantani na roba, galibi Nafion, wanda aka shafa wa garin ƙarfen filatinam gaba da baya. In haidirojin ya taɓa filatinam na gaba, sai kowace ƙwayarsa ta rabe zuwa ƙananan ɓangarori masu cajin lantarki: firoton biyu su ratsa tantanin, ilektoron biyu su zagaya ta waya. A baya sai su haɗu da oksijin su zama ruwa. 'Yar wutar nan da ke bin waya ita ake aunawa, gwargwadon yawan iskar gwargwadon ƙarfinta.

To firoton ba ya ratsa busasshen tantani, sai da laima. Nan Kano kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ga ƙura tana toshe ƙofar shigar iska. Ka kakkaɓe ƙurar, ka sa kan na'urar cikin mazubi mai murfi tare da jiƙaƙƙiyar auduga a gefe, kada su taɓa juna, ya kwana ɗaya ko biyu. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir za ka yi amfani da shi. Ruwan burtsatse in ya taɓa tantanin, gishirin cikinsa yana tare gurbin firoton. Yatsanka ma kada ya taɓa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin janareta. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa tana manne wa filatinam ta hana haidirojin wurin sauka, wani lokaci kuma ta sa na'urar ƙarar ƙarya. Farar wutar da ke cikin hayaƙin ta fi ta ɓarna. Don haka ka nisanta na'urar da salansa.

Ka kafa ta kusa da silin, saman batiran, domin haidirojin sama yake tashi. Batir mai bolt 12 yana fara fitar da shi sosai in caji ya kai wajen bolt 14.4. Haidirojin yana kama wuta daga kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, saboda haka ka saita ƙararrawa a kashi 1.

Gwaji kuma da kwalbar haidirojin mai sanannen awo ake yi. Gas ɗin girki ba zai nuna maka komai ba.