Ina zan samu taron masu ƙoƙarin barin giya a Kano?

Ɗan'uwa, ka ce shekara shida kana sha a ɓoye, kana neman inda masu matsala irin taka ke haɗuwa. Allah ya ƙarfafe ka, tambayar nan ba ƙaramar jarumta ba ce.

A Kano ba a kafa wa irin wannan zama allo, saboda kunya da tsoron idon jama'a. Don haka ka fara da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ka tambayi likita kai tsaye ko suna da zaman rukuni na masu murmurewa. Sirrinka amana ne a wurinsu.

Akwai kuma ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous), ta masu taimakon juna su bar giya, wadda aka kafa a Amurka a 1935. Kyauta ce, sunanka na farko kawai za ka faɗa, kuma tana taro ta Zoom. Daga ɗakinka za ka shiga, ka rufe kyamara, ka yi ta sauraro har ka saki jiki.

Amma don Allah, in hannunka na rawa da safe kafin ka kurɓa, kada ka yanke sha lokaci guda kai kaɗai. Yana iya jawo jijjiga da gane-gane cikin kwana 2 zuwa 3. Ga likita tukuna.