Tambaya da Amsa: Dattijon nan mai tsinken sakace

TAMBAYA: Malam, na ga wani bidiyo na wasan besbol a Amurka, an yanyame wani dattijo baƙar fata mai tsinken sakace a baki ana ta tsalle. Wane ne shi? Ya taɓa buga wasan, ko koyarwa kawai ya iya?

AMSA: Ɗan'uwa, Dusty Baker ke nan, kocin Houston Astros na lokacin. Abin da ka gani ya faru ne a 2022, daren da Houston Astros ta doke Philadelphia Phillies ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka. Yana da shekara 73 a lokacin, kuma babu kocin da ya taɓa ɗaga wannan kofi da shekaru irin nasa.

Ya buga, sosai ma. Kaka 19 ya yi a fili, daga 1968 zuwa 1986, akasari a Atlanta Braves da Los Angeles Dodgers. Sau 242 ya narka wa ƙwallo sanda ta tsallake katanga. Ranar 8 ga Afrilu 1974 da abokin wasansa Hank Aaron ya karya tarihin Babe Ruth na yawan irin wannan bugu, Baker ne ke tsaye a gefe riƙe da sanda, shi ne mai bugu na gaba. Ya ci kofi da Dodgers a 1981.

Koyarwar ce ta ba shi wuya. Ya karɓi San Francisco Giants a 1993, ya ci wasa 103 a shekarar farko, amma ko zagayen ƙarshe bai shiga ba, don Atlanta ta ci 104. A 2002 kuwa kofi ya zo har bakinsa. Wasa na shida na World Series, Giants na gaba da 5 da nema, nasara ɗaya ta rage. Ya fito ya canja mai jifa Russ Ortiz, har ya miƙa masa ƙwallon ya riƙe don tunawa. Anaheim Angels suka farke, suka ci 6 da 5, washegari suka ƙarasa aikin. A wannan gasar ce ɗansa Darren, ɗan shekara uku mai kwasar sanduna, ya ruga tsakiyar wasa, ɗan wasan Giants J.T. Snow ya fizge shi ta wuyan riga kafin a banke shi. Har yau in na kalla sai gabana ya faɗi.

Daga nan Chicago Cubs, Cincinnati Reds, Washington Nationals. Duk ya kai su zagayen ƙarshe, duk suka rabu ba kofi. Aka yi ta cewa ba ya iya babban wasa. Ni ban taɓa yarda ba. Mutumin da ya ci wasa 2,183 a matsayin koci ba da ka ya yi ba.

Astros ta ɗauko shi a 2020, lokacin da sunanta ya ɓaci kan satar alamun sirri da abokan karawa ke yi wa juna da hannu, ana ta yi mata ihu. Ya ajiye aikin bayan kakar 2023.