Riyal 900 da maganar gida: amsa ga ɗan ƙanwata

Ɗana, na saurari saƙonka sau biyu bayan sallar isha'i. Ka ce an yi maka tayin aikin shara a wani kamfani a nan Jidda, riyal 900 a wata, ka juya su naira ka ga sun ninka dubu 70 ɗin da aka yanke a matsayin mafi ƙarancin albashi a Najeriya a 2024 sau da yawa. Sai ka tambaya: Kawu, ku da aka haifa a can, ai kowa da gidansa ko?

Ku a Kano kuna haɗa mu a kwando ɗaya ku ce 'yan Takari, alhali kashi uku muke. Akwai waɗanda kakanninsu suka karɓi takardar ɗan ƙasa tun da wuri, su ne za ka ji sunansu ya ƙare da Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai irina da ake ce wa mawalid, wato waɗanda aka haifa a nan amma ba 'yan ƙasa ba. Kakanmu ya taho a ƙasa ta Sudan, ya tsallako teku daga Sawakin, a nan aka yanke min cibiya, amma har yau igama, takardar izinin zaman baƙo, nake sabuntawa. Sai na uku, marasa takarda, masu kwana da fargabar kamu.

Ɗan ƙasa yana da garkuwa. Tun 2021, kamfani ba ya samun a ƙirga masa ma'aikaci Basa'udiye a matsayin cikakken mutum ɗaya a tsarin Niɗaƙat, mai tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa aiki, sai ya biya shi riyal 4,000 a wata, ga kuma shirin Sakani da ke tallafa musu su mallaki muhalli. Baƙo kuwa abin da ya sa wa hannu shi ne nasa.

Kamfanin zai ba ka wurin kwana, sakan muke ce masa. Na sha shiga irinsu gaida yaran garinku: gado mai hawa biyu, mutum shida ko takwas a ɗaki, kowa akwatinsa a ƙarƙashin gado, tawul a rataye ya zama labule. Makwanci ne, ba za ka kai amarya can ba. Da ma mai irin wannan aiki ba a ba shi izinin kawo iyali. Mu da iyalinmu ke nan, tun 2017 aka ɗora mana kuɗin kai, aka fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu sai ya ajiye riyal 2,000 duk wata kafin a zo maganar haya. Da hannuna na raka maƙwabcina filin jirgi ya tura yaransa Kano, yaran da ko tuwon dawa ba su taɓa ci ba.

Za ka ce to da yaya muka rayu shekara da shekaru. Da unguwa muka rayu, ɗana. A Karantina da Gulail gida mai ɗaki uku yakan ɗauki iyali uku, madafi ɗaya, tankin ruwa ɗaya. Mata suna soya gyaɗa su ƙulla a leda, maza suna gasa tsire, wanda Larabawan nan suka koya daga wurinmu suke ce masa siriya. Da yake haya a nan ta wata shida ko ta shekara ake biya a dunƙule, sai mu yi adashi, jam'iyya a bakinsu, a ba wanda wa'adinsa ya matso kwasar farko. Tsohuwar da ba ta da kowa a nema mata ɗaki a ribaɗi, gidajen waƙafi. Albashin bai taɓa isa ba, zumunci ne ya riƙa cike gurbin.

A ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda. Wata safiya muka tashi muka ga an rubuta "ikhla" da jan fenti a bangonmu, wato a tashi. Diyya ta masu gida ce 'yan ƙasa, mu 'yan haya muka ɗaure katifu a bayan mota. Haya ta yi tsalle a sauran unguwanni, kuma yanzu sai an rubuta yarjejeniya a manhajar Ejar, wadda ke neman igama mai rai. Matan da suka shekara talatin suna adashi tare, yau wata tana gabas wata tana yamma.

Wannan shi ya sa nake cewa da babbar murya, wanda ya yini yana share titi ya cancanci albashin da zai kama ɗaki da ƙofarsa, ya kulle da kansa, matarsa tana ciki. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wanda aka ɗora wa aiki, in ba shi da mata ya yi aure, in ba shi da mazauni ya samu mazauni. A kan ma'aikatan hukuma aka faɗa, amma ban ga dalilin da zai cire mai tsintsiya daga wannan adalcin ba. Su kansu mahukunta sun ga nauyin, don a Satumbar 2025 an hana ƙarin kuɗin haya a Riyad har shekara biyar.

In ka ƙudurta zuwa, ban hana ka ba. Sai dai ka ɗauka fili za ka zo nema wanda za ka gina a Kano, bulo bayan bulo. Kafin ka sa hannu, a nuna maka a rubuce wa zai biya igama, wa zai ciyar da kai, awa nawa ne aikin, bayan shekara nawa za ka je gida. Ka turo min hoton takardar in karanta maka Larabcin. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko.