Amsa ga mai tambayar romon alkama da sosej

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce sau biyu kina gwada romon sosej da hatsin da ba a surfa ba, hatsin ya ƙi nuna, sosej ɗin kuma ya sha ruwa ya kumbura ya salance. Ni ma haka ta faru da ni a farkon gwajina, kuma dalilin bai wuce zuba su a tukunya lokaci guda ba. Alkama tana cin wuta ta kusan awa 1, wani lokacin ta wuce, shi kuwa sosej na leda yawancinsa dafaffe ne tun daga kamfani, minti 10 ya ishe shi.

Turawa da sha'ir suka fi yin wannan romon, amma mu nan Zariya alkama ta fi sauƙin samu, kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru duk za ki same ta wajen masu awo. Gwangwanin madara 2 nake auna wa mutum 6. Ki tsince, ki rege ta sosai don akwai tsakuwa, sannan ki jiƙa ta tun bayan isha'i ta kwana a ruwa. Kada ki kai surfe, dusar nan da ke jikinta ita ce ke riƙe ciki har yamma. Wasu za su ce ki jefa kanwa don ta yi saurin nuna. Ni ban yarda da haka ba, tana dusashe launin romon, ɗanɗanonta kuma yana fitowa. Da safe ki ɗora ta ita kaɗai a kan gawayi, ba gishiri, har sai kin matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu ta fashe amma ba ta dame ba.

Inda na fi so ki kula shi ne ruwan romon. Sosej ba ya ba da romo, komai yawansa. Ki je wajen mahauta ki sayi ƙashin sa mai ɓargo, ko ki haɗa da wuya da ƙafafun kaza, ki dafa da albasa, ɗanyar citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari kamar guda 3, ki bar shi ya yi ta tafasa a hankali, kina kwashe kumfar da ke tasowa. Ina saka daddawa 'yar kaɗan, ƙulli ɗaya, ita ce ke sa maigida ya ji abin namu ne ba na baƙi ba. Idan ƙashin ya saki, ki tace ruwan.

Sosej ɗin kuwa, ki sayi na naman sa ko na kaza, ki juya ledar ki karanta abin da aka haɗa shi da shi, domin a cikin na waje akwai na alade. Ki kuma taɓa shi a firiza kafin ki biya. In kin ji ya yi laushi, ko kin ga jan ruwa ya daskare a gindin ledar, ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, da yanayin wutarmu wannan ba abin mamaki ba ne, ki ajiye musu kayansu. Ki yanka shi da ɗan kauri, ki soya a man gyaɗa cokali 2 har gefensa ya yi ja, ki kwashe. A cikin wannan man dai ki soya albasa da jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir 3, ki kankare abin da ya kama a gindin tukunyar, ƙamshin yana nan.

Sai ki juye ruwan ƙashi, ki zuba dafaffiyar alkama da karas da kabewa yanka ƙanana, su yi minti 15. Kabewar za ta ɗan narke ta ba shi kauri, ba sai kin nemi fulawa ba. Daga nan sosej ya shiga. Kada ki sa gishiri ko dunƙule kafin wannan lokacin, sosej yana ɗauke da gishirinsa, ki bari ya tafasa ki ɗanɗana tukuna. Alayyahu ne ƙarshe, minti 2 ki sauke.

Lokacin hunturu nake yawan yin sa, Disamba zuwa Janairu, sa'ilin da yara ke dawowa daga Islamiyya leɓe a tsage hannu a aljihu. In sosej ya yi tsada nakan kai nama a niƙa mini, in murza da albasa da yaji in dunƙula ƙanana in soya, kuma ƙaramar 'yata ta fi son wannan.

Abin da ya rage kuma, ki sani alkama ba ta daina shan ruwa. In ya kwana a firji za ki tarar ya koma kamar fate. Shi ya sa nake rage ruwan ƙashi kofi 1 in ajiye daban, da safe in zuba in ɗumama har ya tafasa sosai, in yanka ɗanyar albasa a kai, a ci da burodi.