Yaro Mai Otizim: Yaushe Zai Bar Kujerar Maɗauri Ya Koma Busta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Shekararsa 5, nauyinsa kilo 20, tsawonsa santimita 112. Har yanzu yana kujerar mota mai maɗauri biyar, sa'o'insa kuwa duk sun koma busta, wato kujerar da ke ɗaga yaro don a ɗaure shi da bel ɗin motar. Idan ransa ya ɓaci yakan zame ƙasa, wani lokaci ya tura maɓallin ƙirjin zuwa cikinsa. In canza masa ne, ko in jira?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Maman yaro. Ki jira tukuna. A lissafi ɗanki ya isa, domin yawancin busta daga kilo 18 da shekara 4 suke farawa. Amma abin da kika faɗa game da zamewarsa ya fi waɗannan alƙaluma nauyi.

Ga dalili. Maɗauri yana riƙe yaro a wuri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Ko yana barci, ko yana kuka yana banƙarewa, yana nan inda aka ɗaure shi. Busta kuwa ba ta riƙe kowa. Aikinta ta ɗaga yaro sama don bel ɗin motar, wanda aka yi shi daidai jikin babban mutum, ya sauka a kan ƙashi. Sauran aikin na yaron ne: ya zauna a miƙe, bayansa jingine, tun daga tashi har a isa. Idan ya zame gaba, bel ɗin ƙasa ya hau kan ciki, kuma a lokacin karo hanji da ƙashin baya ne za su sha matsar. Idan ya zura bel ɗin kafaɗa a hammata ko bayansa, abin da yara masu ƙin taɓi a wuya suke yawan yi, babu abin da zai tare kansa da ƙirjinsa. Haɗari kuma ba ya jiran sai yaro ya huce.

Saboda haka ki fara da duba takardar da ke manne a gefen kujerarku. Da yawa daga kujerun da ake sayarwa a Amurka suna kai kilo 29 da maɗauri, wasu na Turai kuwa a kilo 18 suke tsayawa, kin ga idan irin wannan ce taku, ya riga ya wuce ta. Kujera ta yi masa kaɗan idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faru: ya wuce nauyi ko tsawon da aka rubuta, kafaɗunsa sun haura ramin maɗauri na can sama, ko saman kunnuwansa ya wuce bayan kujerar. Idan babu ko ɗaya, ya ci gaba da zamansa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma abin da take faɗa ke nan: a bar yaro a maɗauri har ya kai iyakar kujerarsa.

Batun tura maɓallin ƙirji, sau da yawa maɗaurin ne ya yi sako-sako. Bayan kin ɗaure shi, ki gwada tsunkuro igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu. Idan ta naɗu a hannunki, ƙara ja. Maɓallin ya tsaya daidai hammata. A cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure, domin tana lotsewa a lokacin karo ta bar sarari. Ki kuma tabbata igiyar saman kujerar tana maƙale a ƙugiyarta ta bayan mazaunin motar. Ita ke rage yadda kan yaro zai fizgo gaba, amma mutane da yawa suna barinta tana lilo.

Lokacin jiran nan shi ne na koyo. Yaro mai otizim ba ya son a sauya masa abu bagatatan, kuma matsin maɗauri a jiki yana kwantar wa wasunsu hankali, bel kuwa sakayau yake, yana ja yana komawa. Idan da hali ki nemi kujerar da ake cire mata maɗauri ta zama busta, don ranar canjin ya tarar da mazaunin da ya sani, da warinsa da laushinsa. Ku fara a mota tana tsaye: ya zauna minti 2, gobe minti 5. Ki ɗauki hotuna uku ko huɗu na shi kansa, yana zaune, bel a kafaɗa, hannaye a cinya, ki manna inda zai riƙa gani. Doka ɗaya tak, da kalmomi iri ɗaya kullum, kamar "bel a kafaɗa har Mama ta buɗe". Daga nan sai tafiyar minti 5 zuwa 10 a hanyar da ya saba, babban mutum na gefensa, a lokacin da ba ya jin yunwa ko gajiya. Ya yi daidai, lada nan take. Ya cire bel, a faka a wuri mai aminci, a gyara ba tare da tsawa ba, mota ba ta motsawa sai an ɗaure. Doguwar tafiya da ta dare a bar su a maɗauri, domin barci shi ne jarrabawar ƙarshe. Idan ya yi makonni yana zama daidai, har da ranakun da ransa ya ɓaci, to ya isa.

Ki zaɓi busta mai jingina da matashin kai, ba mai mazauni kaɗai ba. Gefunanta suna nuna wa jiki iyakarsa, ramin da bel ke bi kuma yana kawar da shi daga wuya. Dole mazaunin motar ya kasance mai bel ɗin kafaɗa da na cinya. Busta da bel ɗin cinya kaɗai ba su haɗuwa. Na ƙasa ya kwanta a saman cinyoyi yana taɓa ƙashin ƙugu, na sama ya ratsa tsakiyar kafaɗa. Ki sani a busta maɓallin nan mai launin ja da ke buɗe bel ɗin motar yana daf da hannunsa, dannawa ɗaya ya buɗe. Ana sayar da murfin da ke rufe shi, amma mu ba mu gaggawar ba da shawararsa, domin yawancinsu ba a gwada su da motarki ba, kuma suna iya jinkirta fitar da yaro a lokacin gaggawa. Makullin yara na ƙofofin baya dai a kunna shi tun yau.

Idan kuma ya cika kujerar maɗaurin alhali zaman bai samu ba, kada a tilasta busta. Akwai kujerun yara masu buƙata ta musamman da ke ɗaukar nauyi fiye da na kasuwa, wasu da maɓallan da yaro ba zai iya buɗewa ba, akwai kuma riga mai maɗauri da ake ɗaurawa ta baya. Likitansa ko mai koyar da shi ayyukan yau da kullum su ne za su taimaka a zaɓa, tare da wanda ya ƙware a ɗaura kujerun yara. In ya koma bustar, zai daɗe a kanta, sai tsawonsa ya kai wajen santimita 145, galibi tsakanin shekara 8 zuwa 12. Ranar da ba ya cikin motar kuma, ki ɗaure bustar da bel, don kada ta tashi ta bugi wani idan an taka birki da ƙarfi.